Me ke cikin wasiƙun ɗan siyasa? Labarin ruwan Flint

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar wasiƙun 'yan siyasa za mu yi, imel da takardun da ke yawo tsakaninsu da muƙarrabansu, waɗanda ba a karantawa a gaban kyamara. Jawabi kowa ya iya shi, amma in kana son sanin yaushe shugaba ya san da matsala, to wasiƙunsa za ka nema, don kowace tana ɗauke da kwanan wata.

Mu je garin Flint a jihar Michigan ta Amurka. A watan Afrilun 2014 aka daina sayen ruwa daga birnin Detroit aka koma jan na kogin Flint, wai don a rage kashe kuɗi, sai dai ba a zuba maganin da ke hana ruwa cin bututu ba, ruwan ya dinga narkar da dalmar da ke jikin tsofaffin bututai yana kai ta har famfon mutane. Dalma kuwa a jikin ƙaramin yaro ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma in ta yi ɓarna ba ta gyaruwa.

Mutane suka yi ta ƙorafi, ruwa ya canja kala, yana wari, ana ce musu lafiya lau ne ku sha. Abin takaicin ma, tun Oktoban 2014 kamfanin ƙera motoci na General Motors ya daina amfani da ruwan saboda yana sa wa kayan injinsa tsatsa. Ƙarfe bai jure ba, wai cikin yaro ne zai jure!

Sai a Satumban 2015 wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da sakamakon gwajin jinin yara da ya nuna dalma ta ƙaru a jininsu, sannan aka koma ruwan Detroit a Oktoba.

To ina wasiƙun suka shigo? A farkon 2016 da matsin lamba ya yi yawa gwamnan Michigan na lokacin, Rick Snyder, ya saki imel ɗinsa, daga baya na ma'aikatan ofishinsa suka biyo. Nan fa aka ga tun Oktoban 2014 wasu manyan masu ba shi shawara sun rubuta cewa a mayar da garin kan ruwan Detroit, a Yulin 2015 kuma shugaban ma'aikatansa ya rubuta cewa mutanen nan suna cikin damuwa amma ana ta watsi da kokensu. Wato a cikin gida an sani, a waje ana musantawa.

Wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba, dokar 'yancin samun bayanai ta Michigan a lokacin ba ta hau kan ofishin gwamna ba, ba wanda zai iya tilasta masa da ita. Surutun mutanen gari da nacin 'yan jarida ne suka sa ya fito da takardun.