Mai Ahalari ma ya koyar da mantiƙi

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau muna tare da Malam Kabiru da Nura, zancenmu kuma a kan darasin falsafa da mantiƙi ne, wato ilimin kafa hujja, ɗaya daga darussan bai-ɗaya na GST da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ɗora wa kowane ɗalibin jami'a, ko likitanci yake karantawa ko lissafi.

Nura: Anti Zainab, mu dai haddar sunayen masana falsafar Girka muka yi. Talis ya ce ruwa ne asalin komai, sai Sokaratis, sai Aflaɗun, sai Aristo. Ranar jarrabawa muka danna A ko B a kwamfuta muka fito. Wasu a ajinmu ma cewa suke ilimin kafirai ne, a yi shi kawai don maki.

Malam Kabiru: Wannan maganar ita ke ci mini tuwo a ƙwarya. Nura, ka karanta Ahalari kana yaro?

Nura: Ƙwarai, Malam, har ƙabli da ba'adi.

Malam Kabiru: To mai littafin, Abdurrahman al-Ahdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, shi ne ya rubuta Sullam, waƙar da malaman zaure ke koyar da mantiƙi da ita. Mutum ɗaya ne ya koya maka gyaran salla, ya kuma tsara yadda ake kafa hujja. Kafin shi ma, Shehu Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi na Masar. Suyuɗi na hana mantiƙi, Maghili na kare shi.

Zainab: Amma Malam, ka ga ke nan masu tsoron ba da ka suke yi ba. Suyuɗi ai ba ƙaramin malami ba ne.

Malam Kabiru: Gaskiyarki. Sullam ɗin kansa ya kawo saɓanin: Ibnus Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a sani, mawallafin kuma ya rinjayar da halasci ga mai kaifin fahimta wanda ya san Alƙur'ani da Sunna. Abin da nake so shi ne a kawo wa ɗalibi wannan muhawarar a aji, ya ga yadda kowane ɓangare ya gina dalilinsa. Kuma a gaya masa a Sakkwato an yi Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya yi rubutu a kan falsafa a ƙarni na 19. Yaron da ya ji haka ba zai zauna a aji yana ɗari-ɗari ba.

Nura: Wallahi ko sunansa ba a ambata mana ba.

Zainab: Ni ɓangaren ɗa'a ya fi damuna. Ma'aikaciyar jinya da tukunyar iskar numfashi ɗaya, marasa lafiya biyu, wa za ta sa wa? Mai duban sakamako zai ce wanda ya fi yiwuwar rayuwa. Mai bin Kant, masanin falsafa Bajamushe, zai ce kada a mai da ɗan Adam abin lissafi. Malaman usulu kuma suna da ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu. Wannan ba a amsa shi da A ko B.

Nura: To amma Anti, ɗakin taro cike maƙil, malami ɗaya da lasifika, wa zai duba rubutun kowa?

Malam Kabiru: A raba su rukuni-rukuni, ɗaliban digiri na biyu su jagoranta. Ko sau biyu a zango kowa ya rubuta shafi ɗaya yana kare ra'ayi, na kusa da shi ya nemo inda hujjar ta karye. Saƙonnin WhatsApp da ke cewa wane ya sha ganye kaza ya warke, saboda haka yana maganin kowa, su kaɗai sun ishi aji aikin mako guda.

Zainab: Masu sauraro, wanda malaminsa ya taɓa gwada irin wannan a aji, ya aiko mana da saƙon murya, za mu saka a shiri na gaba.