Ta Wace Ƙofa Kanel Ke Shiga Ma'adanar Wata Manhaja?

Zainab: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Zainab ce, ga Malam Habu a damata, ga kuma Nura, wanda tun kafin a kunna makirufo yake ta musu. Nura, faɗi abin da ke cinka.

Nura: Yaya Zainab, abin da aka koya mana shi ne kowace manhaja da ke gudana tana da ma'adanarta, wato inda take ajiye bayananta tana cikin aiki, wata ba ta isa ta leƙa ta wata ba. Na yarda. Sai ga gdb, manhajar nan ta binciko kurakurai, ka ba shi lambar manhaja, ya tsayar da ita cak, ya karanto maka abin da ke cikinta, har ya canza. To ina katangar take?

Malam Habu: Katanga tana nan daram. Shi gdb roƙo kawai yake yi, kanel, wato zuciyar Linux mai kula da duk manhajoji, shi ne ke aikin. Amma kafin mu je can, adireshin da manhaja ke gani ba shi ne adireshin RAM ba. In na ce maka gida na biyar a layin masallaci, ina za ka nufa?

Nura: Sai na tambaye ka wace unguwa.

Malam Habu: Yauwa. Kowace unguwa da layin masallacinta. Manhaja biyu za su iya riƙe adireshi iri ɗaya sak, amma kowanne ya sauka a wuri daban cikin RAM. Abin da ke raba su shi ne teburin shafuka. Ana yanka ma'adana shafi-shafi, galibi bayit 4096 kowanne, kowace manhaja kuma da teburinta mai nuna inda kowane shafi nata yake. A furosesar Intel da AMD akwai rijista, wato ɗan gurbin ajiya a cikin furosesar, mai suna CR3, ita ke nuna teburin da ake aiki da shi a wannan lokacin. Da an sauya manhaja, sai a sauya CR3.

Zainab: Shi ya sa ko ka sato adireshi daga wata manhaja ka karanta a taka, ko dai ka samu naka shirgin, ko a kashe ka nan take.

Nura: To ai kanel ma a kan furosesar nan ɗaya yake gudana. Lokacin da gdb ya yi kira, teburin gdb ne a CR3, ba na wadda ake bincike ba.

Malam Habu: Tambayar ke nan. Idan manhaja ta miƙo wa kanel bayani daga nata ma'adanar, abu ne mai sauƙi, akwai copy_from_user da copy_to_user, tunda teburinta ne ke kai. Na wata kuwa, Linux ba ya barin furosesa ta yi masa fassarar. Da kansa yake buɗe teburin waccan manhajar, ya bi shi hawa-hawa, hawa huɗu a yawancin injinan 64-bit, har ya kai ga ainihin shafin a RAM. Aikin get_user_pages ke nan da danginsa. In ya tarar shafin ba ya nan, misali an kwashe shi zuwa faifai don RAM ta cika, sai ya ɗauko shi a madadin mai shi. Sannan ya riƙe shafin, kada a ba wa wani yana tsakiyar aiki.

Zainab: Malam, tsaya nan, don nan ne mutane ke ɓata. Ya samo shafin, da wane adireshi zai taɓa shi?

Malam Habu: Da nasa. A x86-64 kanel yana da taswirar RAM gaba ɗayanta a ɓangarensa, daga farko har ƙarshe. Shafi ɗaya ne, amma adireshi biyu ke kaiwa gare shi: na manhaja da na kanel. Ta nasa yake bi ya kwafa, kwafi irin na kullum. In rubutu ya yi, sai ya sa wa shafin alamar an taɓa shi, ya sake shi.

Nura: Shi ke nan? Ni na ɗauka wani tsafi ne.

Zainab: Saura abin da ya fi ba ni mamaki. Buɗe /proc, inda kanel ke baje bayanan manhajojin da ke gudana, ka shiga lambar manhajar, ka karanta fayil ɗin maps. Za ka ga layin da umarnin manhajar yake, an rubuta r-xp a gabansa: a karanta, a zartar, ban da rubutu. Ita kanta manhajar in ta yi gigin rubutu a wurin, furosesa za ta kama ta, kanel ya kashe ta. Amma ka buɗe fayil ɗin mem da ke kusa da shi, ka tsallaka zuwa wannan adireshin, ka rubuta, sai ya shiga lafiya lau.

Nura: Haba! Mai abu an hana shi, baƙo an bar shi?

Malam Habu: Hanin yana rubuce ne a teburin manhajar, furosesa kuma tana duba shi ne kawai in an biyo ta wannan adireshin. Ta adireshin kanel, shafin nan a buɗe yake. Abin da ya rage sai binciken da kanel ke yi wa kansa a cikin get_user_pages, shi ma akwai tuta mai suna FOLL_FORCE da ke ce masa ya kau da kai. Kuma da gangan aka sa ta. Zainab, gaya masa yadda gdb ke kafa tarko.

Zainab: Ka ce masa ya tsaya a layi kaza. Sai ya je adireshin umarnin farko na layin, ya karanta bayit ɗaya, ya ajiye a wurinsa, ya rubuta 0xCC a madadinsa. Wannan bayit ɗin umarni ne, int3. Manhaja na gudu, furosesa ta taka shi, sai ta koma wa kanel, kanel ya daskarar da manhajar ya sanar da gdb. Ka gama dube-dubenka ka ce a ci gaba, sai gdb ya mayar da bayit na asali, ya ja manunin umarni baya da bayit ɗaya, ya bar umarnin ya gudana, ya sake dasa 0xCC ɗinsa. In babu rubutun dole, duk wannan ba zai yiwu ba.

Nura: To ga wata. Laburaren libc, wato tarin ayyukan gama-gari irin su printf, kusan duk manhajojin injin shafuka ɗaya suke rabawa a RAM. In gdb ya dasa 0xCC a cikin printf, ai kowa zai taka.

Malam Habu: Yaron nan yau ya karya da kyau. Kanel ba ya rubutu a shafin tarayya. Sai ya samo sabon shafi, ya kwafe bayit 4096 ɗin a ciki, ya gyara teburin manhajar da ake bincike ita kaɗai ya nuna sabon, sannan ya rubuta. Saura suna kan na asali, fayil ɗin da ke faifai ma bai san an yi ba. Kuma a daidai wannan gaɓar aka samu ɗaya daga cikin manyan ɓarakar da Linux ya taɓa yi, Dirty COW, wadda aka toshe a Oktoban 2016.

Zainab: Lambarta a rajistar ɓaraka CVE-2016-5195. Phil Oester ne ya gano ta, kuma ba a ɗakin gwaji ba, a kan sabarsa ya kama ana amfani da ita.

Malam Habu: Dabarar tsere ce. Maharin zai ɗora fayil ɗin da aka yarje masa karantawa kawai, kamar /etc/passwd mai jerin masu amfani da injin, a ma'adanarsa. Sai ya saki zare biyu, wato ayyuka biyu masu gudana tare a cikin manhajarsa. Ɗaya yana ta rubutu ta /proc/self/mem, fayil ɗin mem na ita kanta manhajar, ɗayan yana ta kiran madvise yana cewa ba na bukatar shafin nan, a yar. Kanel ya yi kwafi, ya ce to yanzu rubutu ya halatta, ya sauke sharaɗin. Kafin ya waiwayo ya ɗauki kwafin, zare na biyu ya sa an yar da shi. Da ya sake nema, sai aka miƙo masa shafin asali, shi kuma ya riga ya daina tambaya. Rubutu ya sauka a kan fayil ɗin rut, wato mai cikakken iko a kan injin. A yi ta maimaitawa, cikin ɗan lokaci za a dace.

Nura: Tun yaushe take ciki?

Zainab: Ana lissafa ta tun Linux 2.6.22 na 2007. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, da kansa ya rubuta a bayanin gyaran cewa ya taɓa ƙoƙarin toshe ta shekara 11 kafin nan, aka warware gyaran saboda ya jawo matsala a manyan injinan s390 na IBM. Android ma kanel ɗin Linux ne, don haka tsohuwar wayar da ta daina samun sabuntawa kafin ƙarshen 2016 tana iya kasancewa da ita har gobe.

Nura: To wa ke da ikon neman wannan alfarmar? Kowa?

Malam Habu: A'a. Kafin komai kanel zai duba: mai amfani ɗaya ne ke da manhajojin biyu, ko kuwa mai roƙon yana da izinin CAP_SYS_PTRACE, wanda rut ke da shi. Ubuntu ta ƙara tsanani da Yama, wani tsarin tsaro na kanel: saitinsa ptrace_scope yana kan 1, wato sai manhajar da kai ka haifa ko zuriyarta. In ka kai shi 3, an rufe ke nan har sai an sake kunna injin. A Android kowace manhaja da lambar mai amfaninta, shi ya sa masu ƙara wa kansu kuɗi a wasannin waya sai sun yi wa wayar rut tukuna. Windows ma tana da nata, ReadProcessMemory da WriteProcessMemory, da su Cheat Engine, manhajar maguɗi a wasanni, ke aiki, da irinsu kuma manhajar Mimikatz ke kwaso sirrin shiga daga LSASS, mai kula da shigar masu amfani.

Zainab: A Linux ƙofofin uku ne, kuma ba halinsu ɗaya ba. Tsohuwar ita ce ptrace, kiran da irin su gdb ke riƙe manhaja da shi, wadda ke ɗebo bayit 8 a kowane kira. Megabayit ɗaya kira 131072 ke nan, abin tausayi. Sai /proc mem, mai ɗiban da yawa a tashi ɗaya. Sai process_vm_readv da process_vm_writev da suka zo a Linux 3.2 cikin 2012, don manhajojin manyan injinan lissafi su riƙa miƙa wa juna bayanai da kwafi ɗaya. Su ba sa rubutun dole, in shafi na karatu ne kawai, sai kiran ya faɗi. Ni a ganina haka ya kamata mem ya kasance tun farko. Manhaja ta rubuta a kan umarninta ta /proc/self/mem ba tare da wani mai bincike a kanta ba, wannan kyauta ce aka yi wa mahara.

Malam Habu: Malama Zainab, ban ƙi taki ba, amma kin san ƙa'idar Linus, ba a karya abin da mutane suka riga suka dogara da shi. Akwai kayan aikin da suka ginu a kan wannan halin.

Zainab: Ai shi ya sa a Linux 6.12 suka raba gardama, suka kawo proc_mem.force_override, saitin rubutun dole ta mem. Ka zaɓa: ko da yaushe, ko sai mai riƙe da manhajar ta ptrace, ko kuma sam.

Nura: In ban taɓa komai ba fa, wanne nake kai?

Zainab: Na kanel ɗin asali shi ne ko da yaushe, sai in masu haɗa Linux ɗinka sun canza. Ni dai a sabar da ke hannuna na ptrace nake sawa, gdb yana aikinsa, ƙofar kuma ta ragu.

Malam Habu: Ki dai gwada a injin gwaji tukuna, kada a kira ki da tsakar dare. Lokaci ya ƙure mana, jama'a, sai mun sake haɗuwa.

Nura: Mu kwana lafiya.