Daga Garwa: abin da ke cikin baƙin giris

Salamu alaikum 'yan uwa, yau daga Garwa nake magana, arewacin Kamaru. Ku yi haƙuri da ƙarar guduma, ina garejin wani dattijo ne, Bahaushe ɗan uwanmu. Baba, don Allah ɗan karkato gwangwanin su gani. Yauwa, Allah ya ƙara girma.

Wannan baƙin giris da ake cusa wa shaf ɗin mota, akwai MoS2 a cikinsa, wato haɗin molibdinam da farar wuta. Falle-falle yake, kowane falle na zamewa a kan ɗan uwansa, santsin ke nan. In aka ɓare falle ɗaya tak, kaurinsa kusan nanomita 0.65 ne (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma a kansa masu ƙera ƙwaƙwalwar waya suka sa ido.

Wani zai ce, ina garafin da aka yi ta yayi, wato falle ɗaya na garafait, baƙin abin da ke cikin fensir? A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓaro shi da salatif a Manchesta, a 2010 suka karɓi Nobel. Lantarki na sheƙa gudu a cikinsa, ba musu. Sai dai aikin taransisto, wato ɗan mitsitsin makunnin da ke cikin ƙwaƙwalwar waya, kunnawa ne da kashewa, garafin kuwa famfo ne da ba ya rufuwa. Batir ya tsiyaye, waya ta ɗau zafi, a garin da ranar Maris kaɗai ta ishe ta.

MoS2 yana rufuwa ruf. A 2011 ayarin Andras Kis a jami'ar EPFL da ke Suwizalan ya ƙera taransisto da falle ɗaya, tsakanin kunne da kashe ninki miliyan 100. Silikon, wanda da shi ake ƙera ƙwaƙwalwar waya yanzu, in an kankare shi ya yi siriri ƙwarai, samansa kan yi kaushi, lantarki ya dinga tuntuɓe. Shi MoS2 da sirantarsa aka halicce shi, samansa sumul.

Amma fa a yi a hankali da masu cewa silikon ya gama yawo. A 2017 a Biyana an haɗa ƙwaƙwalwa mai taransisto 115 da MoS2, a 2025 Jami'ar Fudan ta Shanghai ta kai 5,900. Wayar da nake ɗaukar ku da ita biliyoyi ke cikinta. Shimfiɗa falle ɗaya a kan faifai mai milimita 300 ba tabo ba yagewa, nan gizo ke saƙa, ga kuma wurin da ƙarfe ke haɗuwa da fallen yana tauye wuta. A ganina gefen silikon za a fara raɓa shi, a saman ƙwaƙwalwar, kafin a yi zancen gado. Akwai kuma baƙin fosfaros, ya fi MoS2 saurin lantarki, amma iska da laima na cinye shi, sai an lulluɓe shi tsaf kafin ya fito daga ɗakin gwaji.