Laccar Katsina: saita madubin hangen nesa kafin ɗaukar hoton taurari

To jama'a abu uku zan faɗa, na baya ku matso don Allah akwai kujeru nan gaba. Na farko duniya juyawa take, digiri 15 duk awa ɗaya, in ka buɗe kyamara minti biyar kan Kaza da 'Ya'yanta kuma na'urarka ba ta bin sama, layi-layi za ka gani maimakon taurari. Shi ya sa ake ɗora madubin kan mazauni mai inji, amma fa sai sandar da yake juyawa a kanta ta kalli cibiyar da sama ke zagayawa a arewa.

Na biyu, nan nake so ku ji ni da kyau. Katsina tana wajen digiri 13 arewa, kenan tauraron arewa, Polaris, digiri 13 kacal yake sama da ƙasa. Miƙa hannunka ka dunƙule, wannan kusan 10 ne, ƙara kaɗan. Mutumin Landan nasa ya haura 51, ɗaga kai kawai yake, mu ko bishiyar bedi ɗaya ko katangar maƙwabci ta isa ta ɓoye mana shi, ga shi wasu mazaunan in ka kwantar da su haka ƙarfen nauyin da ke daidaita madubin sai ya riƙa dukan ƙafar mazaunin, ku duba wannan kafin ku ba da kuɗi, ku duba! Kuma shi Polaris ɗin ba a kan cibiyar yake cif ba, ya kauce fiye da faɗin wata, sannan iska tana lanƙwasa haske ta ɗaga shi kaɗan saboda yana ƙasa-ƙasa. Ko kana da ƙaramar kyamara mai gadin tauraro ɗaya don inji ya riƙa bin sa daidai, in saitin ya kauce da yawa taurarin gefen hoton sai sun lanƙwashe kamar baka, gadin ba ya hana wannan.

Na uku... na'am, ɗan'uwa? Yana tambaya in hazon hunturu ya rufe arewa gaba ɗaya fa. Madalla. Bar Polaris, nemi tauraro can sama ta kudu kaɗan, sa shi kan layin saiti da ke cikin madubin ka zuba ido, in yana zamewa arewa ko kudu juya notin da ke karkata mazaunin hagu da dama. Sai ka koma wani ta gabas, in ya zame taɓa notin sama da ƙasa, kaɗan-kaɗan, har ya yi minti goma bai bar layin ba. Manhajar PHD2 tana auna maka wannan zamewar, in mun fita fili bayan isha'i zan nuna maka a kwamfuta.