Takwas ɗin Sinawa a 2008: sa'a ce ko masifa?

Saƙon nan ya sake zagayowa a WhatsApp, wai lambar takwas ce ta jawo wa ƙasar Sin bala'in shekarar 2008. Ga yadda suke lissafin. Rikicin Lhasa, babban birnin yankin Tibet, 14 ga wata na uku: uku da ɗaya da huɗu, takwas. Girgizar ƙasar Sichuan, 12 ga wata na biyar, takwas kuma. Daga ranar girgizar zuwa buɗe gasar Olympics kwana 88 cif. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, ni ma na ƙirga da yatsu.

Shekarar kam ta zo da nauyi. Dubi tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou a watan Janairu, dusar ƙanƙara ta tare dubban ɗaruruwan mutane masu son komawa gida bikin sabuwar shekara. Waɗannan ɓaraguzan kuwa makarantu ne a Sichuan, inda sama da mutum 69,000 suka rasu.

To, a nan ake yin tuntuɓe. Sinawa ba tara lambobi suke yi irin na masu hisabi ba. Da kunne ake jin abin. A harshensu takwas ana ce mata "ba", ita kuwa kalmar samun arziki "fa" ce. Maimaita su da sauri, ba, fa. Shi ke nan sirrin! Shi ya sa attajiri zai zuba kuɗi don lambar mota mai takwas-takwas. Huɗu kuma tana kama da kalmar mutuwa a baki, har wasu benaye sukan tsallake hawa na huɗu. Idan sai ka tara uku da ɗaya da huɗu kafin takwas ta fito, ai kunne bai ji komai ba. In da haka ake yi, ranar haihuwar kakata ma za ta ba da takwas.

Takwas ɗin da Sinawa suka zaɓa da kansu ga ta nan, bikin buɗe Olympics: 8 ga Agusta, ƙarfe takwas na dare, filin Sheƙar Tsuntsu a Beijing, makaɗa 2,008. Bari in yi shiru ku ji gangunan.

A Satumba badaƙalar madarar jarirai mai sinadarin melamine ta fashe, jarirai shida suka mutu. A watan dai, ran 27, ɗan sama jannati Zhai Zhigang ya fita daga kumbon Shenzhou 7 yana kaɗa tutar ƙasarsa a sararin samaniya. Masu saƙon ba su sa wannan ranar a lissafinsu ba.