Lacca: Ku nuna bam ɗin, ku ɓoye wanda ya dasa

Assalamu alaikum. To jama'a, abu uku zan faɗa a kan ɗan bayanin nan da ake rubutawa a ƙasan fim, musamman fim ɗin kisa da bincike, wanda ke sa uwargida ta manta da tukunya a wuta.

Na farko, layi uku ya isa. Misali: ɗan adaidaita ya tsinci jaka a kekensa da magariba a Ƙofar Nassarawa, washegari aka tsinci gawar mai jakar, kuma lambarsa ce ta ƙarshe a wayar mamacin. Shikenan, ka ajiye biro.

Na biyu, wannan shi ne ke ci min tuwo a ƙwarya wallahi, kar ka faɗi ƙarshe! Ka je kasuwar waya ta Farm Centre a tura maka fim, yaro yana turawa yana cewa "Oga ai matar ce ta kashe shi, amma kalla da daɗi". (dariya) To me ya rage? A 1960 da darakta Hitchcock ya fitar da fim ɗinsa Psycho, sharaɗi ya kafa wa gidajen sinima, in an fara ba mai shiga. A Landan akwai wasan dandamali na marubuciya Agatha Christie da aka fara tun 1952, kullum in an tashi sai an roƙi 'yan kallo kar su faɗi wanda ya yi kisan. Shi Hitchcock ɗin yana da misalin bam, bari in kawo mana shi gida: mutum biyu a teburin mai shayi, bam ya tashi kwatsam, ka razana na ɗan lokaci an wuce wurin, amma in tun farko aka nuna maka shi a ƙarƙashin benci, agogo na tafiya, su suna ta musun ƙwallo ana soya musu ƙwai, ai kai ne za ka dinga cewa ku tashi, ku tashi! Bayaninka haka zai zama. Na baya kuna ji na?

Na uku... Hajiya, akwai tambaya?

Ta ce in fim ɗin da kansa ya nuna mai laifin tun farko fa? Madalla, akwai irinsu, Columbo na Amurka haka yake, kana ganin kisan da idonka kafin jami'in ya iso. A nan faɗi sunansa ba komai, abin da za ki riƙe shi ne ɗan kuskuren da ya yi aka cafke shi. An kira la'asar, na ukun sai mun dawo daga masallaci.