Ashe Rigarta Daga Nan Kamaru Take!

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga Garwa nake magana, kuma yau mamaki ne ya sa na kunna waya, har da ɗan haushi a ciki. Auta, matso kusa su gani da kyau. Kun ga wannan? Tabar nan ce mai kauri ta naɗin hannu, irin wadda kuke gani a bakin Fidel Kastro a tsofaffin hotuna. Maigidana da muke harkar auduga tare ne ya dawo daga Duwala ya miƙo mini kara biyu, wai kowane ɗaya sefa 15,000. Na ce, ranka ya daɗe, wannan kuɗin ai sai in yi mako ina cin kifin Lagdo. Ya yi dariya ya ce, to ka riƙe da daraja, don ganyen da ya lulluɓe ta a ƙasar nan aka noma shi.

A ƙasar nan fa! Ni da nake zaune a Kamaru ina ta yawo tsakanin Garwa da Marwa da Ngaundere, ban taɓa jin wani ya yi alfahari da wannan ba. Kowa sai ƙwallo, sai koko, sai auduga.

Sunanta Don Carlos, ta kamfanin Arturo Fuente. A 1912 suka faro a Tampa ta jihar Fulorida a Amurka, yanzu kuma a Santiyago ta Jamhuriyar Dominikan suke naɗi, maƙwabciyar Haiti. Ganyen waje kuwa daga gabashin Kamaru yake zuwa, wajajen Baturi, har zuwa tsallaken iyaka cikin Afirka ta Tsakiya. Asalin irin daga tsibirin Sumatra na Indonesiya aka kawo shi. A wasu ƙasashen sai an shimfiɗa wa gona yadi mai shara-shara daga sama, don kada rana ta sa ganyen ya yi kauri da jijiya. Can gabas kuwa gajimare ne yake yin wannan aikin kyauta, Allah Ya hutar da su. Ƙananan manoma ne suke nomawa, a tsinke ganye ɗaya-ɗaya, a shanya a rumfa, a tara shi tsibi har ya ɗau zafi da kansa ya fitar da warin da ke shaƙe mutum, ana yi ana juyawa. Daga nan a ɗaure, a sa a jirgin ruwa, ya ƙetare teku, ya yi shekaru a ajiye. Ranar da zai dawo mana kuma, ya dawo da zobe mai ruwan zinari a wuya da farashin da manomin bai taɓa mafarki ba.

Wannan ne ya ba ni haushi. Haka aka yi da fatar jar akuyar Sakkwato. Kakanninmu suka jeme, raƙuma suka ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saya a hannun 'yan Maroko suka laƙaba mata sunan Maroko. Nan ma gara, tunda a kasuwar duniya ana kiran ganyen da sunan Kamaru, mashaya suna nemansa da sunan. Mu na gida ne ba mu da labari.

Bari in nuna muku yadda take. In ban da zoben nan, babu takarda a jikinta ko ƙyalli, kuma ba dakakken ganye ba ne irin na sigari. Hawa uku ce: ganyen ciki dogaye da aka nannaɗe, ganyen da ya ɗaure su, sai rigar waje, wato namu. Mai naɗin da wata faffaɗar wuƙa marar ƙota yake yanka rigar, ya naɗe ta a karkace, ya liƙe kan da ɗan ƙaro marar ɗanɗano. Shafa nan, Auta. Ka ji 'yan ƙuraje-ƙurajen nan? Ba aibu ba ne, mai ne na ganyen ya taru a wurin, kuma da shi ake gane na Kamaru.

Kan za ka ɗan yanke kaɗan, iyakar hular. Ka zarce, rigar ta warware a hannunka, kuɗinka ya tafi. Wuta kuma ta gas ko dogon ashana, kada ka kusanto ta da abin da ke da warin kalanzir. Ka fara gasa bakin kana juyawa, ba ka cusa shi cikin harshen wuta ba. To, ga ta ta kama.

Ba a haɗiye hayaƙin. A baki ake riƙe shi, a ji, a fesar. Zuƙa ɗaya, ka ajiye kamar minti guda, ka yi hirarka. In ka yi mata zuƙar ɗan acaɓa mai jiran fasinja, zafi za ta yi ta koma ɗaci. Farkon nan akwai ɗan zaƙi-zaƙi, sai yaji kamar masoro a bayan harshe, can kuma ƙanshin itace da soyayyar gyaɗa. Dubi tokar yadda ta tsaya fara ba ta zube ba. Ba a karkaɗe ta, ba a kuma murtsuke guntun in an gama, ajiyewa ake ta mutu da kanta. Turawa da giya suke haɗawa, mu kuwa ga shayinmu na buta, kuma wallahi kofi na biyu, wanda ɗacinsa ya sauka, shi ya fi tafiya da ita.

Ƙanshin nan ya kai ni Zariya. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ba ta rabuwa da fure da goro, haƙoran nan jawur. Tsofaffin unguwarmu kuma ga lofe, ga garin taba da kanwa a ɗan batta. Mu ma fa mun san taba tun kafin a kafa kamfanin sigari a garin. Kai, har na ji ina son tuwon dawa da miyar kuka irin ta gida. A nan ma ana yi, amma hannun ba ɗaya ba ne, Fulanin Garwa ku yi haƙuri.

Yanzu ga kashedina ga masu kuɗin da za su ce su ma sai sun saya. Yanayinmu maƙiyinta ne. Tana son laima kamar kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, shi ya sa ake ajiye ta a akwatin katako na musamman mai riƙe danshi. Ka bar ta a aljihun mota da hunturun nan, kafin ka ankara ta bushe, rigar Kamaru kuwa siririya ce, tsagewa take yi nan take. In bazara ta shigo, watan Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura 40, ƙwaron taba ne zai ƙyanƙyashe a ciki ya huda ta. Kada kuma wani ya ce maka firji, can ma bushewa za ta yi, ta kwashi warin kifi.

Sai 'yan damfara. Duk wanda ya tare ka da Cohiba, wata tabar irin wannan ta ƙasar Kuba, cikin akwati mai murfin gilashi yana cewa araha ce daga Kuba, ka ƙara gaba, jabu ce. Cohiba ta gaske a 1966 aka fara ta don Kastro da manyan baƙinsa, sai a 1982 aka fito da ita kasuwa, kuma ba ta yawo a bakin titi.

Ku samari kuma, kada ku ga ina murmushi ku ce tunda ba a haɗiyewa babu illa. Kara ɗaya babba tana iya ɗaukar taba kwatankwacin kwalin sigari guda, kuma sankarar baki da maƙogwaro ba ruwanta da tsadar abin da ka zuƙa. Malamai da yawa sun hana, 'yan uwanmu Tijjanawa ma ko kusa ba sa zuwa. Ni dai ɗayar zan mayar wa Alhaji maigidana, ya fi ni wurin ajiya. Auta, kashe haka, ka samo mini asuwaki da turare kafin la'asar. Kuma don Allah, 'yan gidanmu na Tudun Wada, kada wanda ya tura wa Hajiya wannan bidiyon.